Bank (kalmar Turanci)

Bank suna ne a harshen Turanci wanda ke ɗauke da manyan ma'anoni biyu da ake ganin kamar ba abin da ya haɗa su: gaɓar kogi da gidan ajiyar kuɗi. Ƙamusoshin Turanci sukan ba kowace ma'ana gurbinta daban, domin kowace ta shigo harshen ta hanyarta kuma a zamaninta, amma idan aka bi salsala za a tarar da duka biyun a tushe ɗaya na harsunan dangin Jamusanci, wanda ke nufin wuri mai ɗan tudu da shimfiɗaɗɗen bisa.

Ma'anar da ta fi daɗewa ita ce ta ƙasa. Wajen shekara ta 1200 kalmar ta bayyana a rubuce da nufin tudu ko gangare, kuma ana danganta ta da harshen mutanen Sikandinabiya da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila. Daga nan ta zama sunan gefen kogi, da tudun yashi da ke kwance ƙarƙashin teku, irin su Dogger Bank a Tekun Arewa, har da tarin gajimare ko hazo. Wannan ma'ana ce ke cikin West Bank, yankin Falasɗinu da kafafen labarai na Hausa ke kira Gaɓar Yamma da Kogin Jodan.

Ma'anar kuɗi kuwa sai da ta yi zagaye kafin ta iso. Italiyawa sun ari kalmar daga ƙabilun dangin Jamusawa da suka zauna a ƙasarsu, ta zama banca ko banco, wato teburin da 'yan canji ke shimfiɗa tsabar kuɗi a kansa a kasuwa. Da sana'ar ta bunƙasa a birane irin su Fulorans, inda gidan Medici ya kafa bankinsa a 1397, da Jenowa, inda aka kafa Banco di San Giorgio a 1407, sai sunan teburin ya koma sunan sana'ar, sannan na gidan da ake yin ta. Faransanci ya karɓe ta da siffar banque, Turanci kuma ya ɗauka a ƙarshen ƙarni na 15, kimanin shekaru ɗari biyu kafin a kafa Bankin Ingila a 1694. Kalmar bankrupt, wadda ake faɗa wa wanda ya karye, ta fito ne daga banca rotta, ma'ana karyayyen tebur. Ana yawan ba da labarin cewa farfasa teburin ɗan canjin da ya kasa biyan jama'a ake yi, sai dai labarin ya fi kama da ƙoƙarin fassara kalmar daga baya, tunda karyewa a harkar kasuwanci magana ce ta azanci, kamar yadda Bahaushe ke cewa ɗan kasuwa ya karye alhali ƙashinsa lafiya lau.

A ƙarni na 20 ma'anar ajiya ta wuce kuɗi, aka riƙa kiran duk wata ma'ajiya da ake tarawa don bukatar gaba da wannan suna. Likita Bernard Fantus ne ya yaɗa sunan blood bank, wato ma'ajiyar jini, a 1937 a wani asibitin birnin Cikago, daga baya aka samu na irin shuka da na abinci da na bayanai. Akwai kuma ma'ana ta uku da ba ta kai waɗannan shahara ba, wato jerin abubuwa iri ɗaya, wadda ta samo asali daga bencin da matuƙa jirgin ruwa ke zama a kai a jere.

Hausa ta ari kalmar a zamanin Turawan mulkin mallaka da ma'anar kuɗi kaɗai, ta ƙara mata wasali a ƙarshe ta zama banki, ta kuma yi mata jam'i irin nata, bankuna. Gefen kogi ya ci gaba da zama gaɓa ko baki. Ba sau ɗaya tushen ya shigo Hausa ba, domin benci ma daga bench yake, wanda ya gangaro daga benc na tsohon Turanci, ɗan'uwan wancan teburi na kasuwannin Italiya.