Lambun Gida a Katsina

Lambun gida ɗan fili ne da ake keɓewa a tsakar gida, ko bayan ɗaki, ko jikin katanga, a shuka kayan miya da ganyaye da furanni domin tukunyar gidan da kuma ƙawata shi. Ya sha bamban da lambun fadama, wanda sana'a ce ta maza da ake yi don kasuwa, kamar lambunan da ke bin rafin Ginzo a wajejen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri a birnin Katsina, ko na bakin madatsun ruwa irin su Ajiwa, Jibiya, Zobe da Daberam. Na gida galibi a hannun mata da yara yake, kuma sau da yawa bai wuce tabarma biyu ko uku ba. A wasu gidajen ma ba a kiransa lambu. Zogale ne guda biyu kusa da wurin wanke-wanke, da kabewa da ta haye danga, da 'yar kuɓewa a bayan ɗaki.

Yanayi da ƙasa

Katsina ba ƙasar laima ba ce. Ruwan da ke sauka a birnin a shekara yakan kama tsakanin milimita 600 zuwa 700, Daura ma kusan haka, sai an gangara kudu wajen Funtuwa yake kaiwa kusan 1,000. Amma kusan dukkan wannan ruwa a cikin wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ne ƙololuwarsa. A wannan ɗan tsakani gari yakan zama mai ɗumi da laima: raɓa ta kwana a kan ganye, gishiri ya jiƙe a kwano, shanya ta ƙi bushewa. Daga nan sai kaka, sai hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu da busasshiyar iskarsa da sanyin dare, sai bazara a Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40.

Saboda haka mai lambun gida a nan kamar lambu uku yake yi a shekara guda, kuma dabarar da ta fisshe shi da damina ita za ta kashe masa shuka da rani. Yawancin asarar da sababbin shiga ke yi daga nan take tasowa.

Ƙasar arewacin jihar jigawa ce, yashi ya fi yawa. Tana da sauƙin nomewa, ba ta riƙe ruwa, kuma ba ta riƙe taki. Ƙasar cikin gida kuwa tana da tata matsalar: an tattake ta shekara da shekaru, ta sha ruwan sabulu da toka, wani lokaci da ɓaraguzan siminti a ƙarƙashi. Kafin a shuka komai sai an kafce ta da hauya kamar zurfin taƙi ɗaya ko fiye, an tsince duwatsu da leda.

Shukar damina

Abin da ke jin daɗin ɗumi da laima shi ne abin da kakanni suka saba shukawa. Alayyafo ne kan gaba wajen sauri: irinsa ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa ake cuɗa shi da yashi kafin a yafa, kuma cikin mako uku zuwa huɗu an fara cira. Idan yanka shi aka yi sama da tushe ba tugewa ba, yakan sake tofowa sau biyu ko uku. Yakuwa, wadda wasu ke ce wa sure, amfani biyu take yi, ganye na miya da fate, sannan da kaka a ciri zoɓo. Rama da lalo ba su da fitina. Tafasa da 'yar unguwa ma ba a cika shuka su ba, da kansu suke fitowa, aikin mai lambu kawai ya gane su kada ya nome.

Kuɓewa, ko guro a bakin wasu Katsinawa, tana son zafi. Akan jiƙa irinta ya kwana a ruwa don ya yi saurin tsira, a sa ƙwaya biyu ko uku a rami, a bar tazarar kamar kamu ɗaya. Bayan mako bakwai zuwa takwas ta fara 'ya'ya, daga nan kuma sai an riƙa cira duk bayan kwana biyu. Wadda aka bari ta ƙosa ba ta miya, kuma takan sa uwar ta rage haihuwa. Kabewa da duma da soso wuri suke ci, don haka ake kai su jikin danga ko a ɗora su kan rumfa. Gauta da yalo da barkono suna jure damina daidai gwargwado.

Zogale dabam yake, domin shi ba ya tashi daga aiki. Ana shuka shi da iri ko a kafa reshe da farkon damina. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar shi ya zarce sama har ganyen ya fi ƙarfin hannu. In aka datse shi a tsawon kamar mita ɗaya, yakan yi rassa da yawa ya cika da ganye. Abu guda da ba ya so shi ne ruwa ya kwanta masa a gindi.

Tumatir kuwa, wanda shi kowa ke fara sha'awar shukawa, shi ya fi ba da kunya da damina. Laima na jawo masa cututtukan ganye, ruwa mai yawa bayan ɗan fari na fasa 'ya'yan, kuma idan dare ya yi ɗumi sosai furen yakan kaɗe ba tare da ya ƙulla ba. Wannan na cikin dalilan da ke sa ya yi tsada a kasuwa a wannan lokaci. Wanda ya nace zai iya, amma sai ya kafa masa sanda ya ɗaure, ya cire ganyen ƙasa, kuma ya nemi ƙananan irin gargajiya, waɗanda suka fi manyan na fadama juriya.

Kunya da fangali

Da damina matsalar lambu ita ce yadda ruwa zai fita, da rani kuwa yadda zai tsaya. Don haka da damina ake tada kunya, ko a ɗaga wurin shukar sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya, a bar kwari a gefe ya kwashe ruwa zuwa magudana. Saiwa na bukatar iska, kuma in ta yi kwana biyu a nutse lokacin marka, sai ka ga shuka ta yi yaushi alhali tana tsaye cikin ruwa. Wanda bai sani ba sai ya ƙara mata wani ruwan. Haka kuma a guji shuka daidai inda indararo ke zuba.

Da rani ana juya abin. Fangali ake yi, wato a ja ƙasa a kewaye wurin da 'yar gaɓa, cikin ya ɗan faɗa, yadda in an zuba ruwa zai tsaya ya nutse a nan.

A gidajen da aka malale tsakar gida da siminti, waɗanda suka yawaita a sababbin unguwanni, buhu ne ya maye gurbin duka biyun. Akan cika buhun siminti ko na shinkafa da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a huhhuda gindinsa, a jera jikin katanga. Tsohon bokiti da jarka da tayar mota duk suna yi. Amfanin buhu shi ne ana iya matsar da shi daga ruwa ko daga rana. Illarsa, yana saurin bushewa, kuma rana kan cinye ledar cikin 'yan watanni.

Taki

Kashin awaki da tumaki shi ya fi samuwa a gida, kuma ya dace da jigawa domin yana taimaka mata ta riƙe danshi. Sharaɗin shi ne ya ruɓe tukuna. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙona saiwa yake yi. Ana tara shi a rami tare da sharar tsakar gida da ɓawon kayan miya, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, kuma da damina ya fi saurin nuna. In aka ga gwazarma a ciki sai a tsince a ba kaji. Toka kaɗan tana da amfani, mai yawa kuwa ɓata ƙasa take yi. Takin zamani, kamfa ko yuriya, a jigawa gara a sa shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, nesa da tushe, a rufe da ƙasa, don ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wanke shi ya wuce inda saiwa ke kaiwa.

Cuta da ƙwari

Laima ce ke raya yawancin cututtukan ganye. Ƙwayoyinsu na bukatar ganye ya daɗe a jiƙe kafin su kama, kuma ruwan sama da ke fallatso ƙasa kan ganyen ƙasa shi ke ɗauko su. Daga nan ake gane magungunan da ba sa cin kuɗi: a ba shuka tazara iska ta ratsa, a yi ban ruwa a gindi da safe ba a kan ganye da dare ba, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a rufe ƙasa, a cire ganyen da ya kamu a fitar da shi daga lambun. Shimfiɗar ciyawa dai takan gayyato gara, sai an sa ido. A wurin renon iri kuma akwai ruɓewar da ke kama ƙananan tsirrai daidai wuyansu su zube dare ɗaya, kuma cunkoso da yawan ruwa ne sanadinta.

Akwai wata cutar da ba a gani sai an tuge shuka. Wasu tsutsotsi ne da ido ba ya iya gani, suna son ƙasa mai yashi da ɗumi, suna shiga saiwar kuɓewa da tumatir da gauta su sa ta yi ƙulu-ƙulu. Shukar sai ta tsumbure, tana yaushi da rana ko da an ba ta ruwa. Maganin shi ne kada a maimaita irin waɗannan a wuri guda shekara bayan shekara, a riƙa ratsawa da masara ko albasa.

Darɓa da farin ƙuda suna tsotsar ganye ta ƙarƙashi, kuma farin ƙuda ne ke yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir. Mafi shahara a 'yan shekarun nan ita ce tsutsar da manoma suka laƙaba wa suna sharon. Asalinta Amurka ta Kudu, ta ɓulla a Sifen a 2006, kuma a 2016 ta yi wa gonakin tumatir na Arewacin Najeriya mummunar ɓarna, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Cikin ganye take shiga tana ci, shi ya sa feshi ba ya saurin samun ta.

A lambun gida maganin da ya fi dacewa shi ne na bedi, wato dogon yaro, wanda ba unguwar da babu shi a Katsina da Daura. Ana daka busassun 'ya'yansa, kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci da girma yake yi, don haka sai an maimaita duk mako. Maganin feshi na kanti a kan alayyafon da za a ci jibi ganganci ne. Sai dai in za a faɗi gaskiya, akuya da kaji sun fi kowane ƙwaro ɓarna a lambun gida, kuma maganinsu shinge.

Wani abin lura da damina: duk gwangwani ko taya ko farantin ƙarƙashin tukunya da ya tara ruwa, cikin kamar mako guda ya isa ya ƙyanƙyashe sauro.

Hunturu da ruwa

Sanyi shi ne lokacin tumatir, tattasai, latas, kabeji, karas, albasa da lansir. Akan rena iri wajen Oktoba, a yi dashe da yamma bayan mako huɗu zuwa biyar, albasa kuwa ta fi haka daɗewa. Wanda ya makara har bazara ta riske shi zai ga latas ya yi tozo ya yi ɗaci. A wannan lokaci ruwa ne ke yanke girman lambu, musamman gidan da ke saye a hannun 'yan ga-ruwa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya duk ana tarawa a ba shuka. Na wanki mai omo da bilic kuwa yana tara gishiri a ƙasa, kuma bai kamata ya taɓa ganyen da ake ci ɗanye ba.

Furanni

A gidan Bahaushe na da, shukar da ba a ci ba a sha ba ta cika samun wuri ba. Lalle ne ya haɗa duka: shinge ne, ganyensa na ƙunshi, furensa kuma ƙamshi yake yi da dare. Dasa fulawa don ado kawai ya fi yaɗuwa ne ta gidajen ma'aikata da makarantu da ofisoshi, kuma yanzu masu renonta suna jera ta a leda a bakin manyan tituna.

Wadda ta fi dacewa da ƙasar tun asali 'yar gida ce, wato ƙarya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja. Ba kasafai ake ganin 'ya'yanta ba, kuma mutane kan danganta ta da karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tana jure fari sosai, damina ce abokiyar gabarta, domin in tukunyarta ba ta zubar da ruwa gindin ruɓewa yake yi. Ƙaronta guba ne, a nisanta ta da yara da dabbobi. Bogenbiliya, 'yar asalin Amurka ta Kudu mai ƙaya da ke lulluɓe katanga, ita ma ta fi yin fure da rani in an rage mata ruwa, da damina ganye kawai take tarawa. Marigol, mai fure ruwan ɗorawa da ɗan wari, tana fitowa da iri cikin sauƙi, kuma in an cika wuri da ita tana rage tsutsotsin nan na saiwa. Wardi ya fi kowa wahala: bazara na ƙona shi, damina na sa masa baƙin tabo a ganye.

Ajiye iri

Irin alayyafo, kuɓewa, yakuwa, rama da kabewa ba sai an saya ba. Ana ware shukar da ta fi lafiya a bar ta ta ƙosa, a shanya irin a inuwa ya bushe sarai, a cuɗa da toka, a zuba a kwalba ko gora a toshe. Maƙwabta kan yi musaya da juna. Irin kanti da aka rubuta wa F1 a jikin fakiti aure ne na iri biyu, kuma in aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa ba sa fitowa kamar uwar. Irin albasa kuma ba ya daɗewa, wanda ya shekara a ajiye da wuya rabinsa ya tsira.