Gidan sauro na gado ne, ba na dam ba

Duk wanda ya leƙa kasuwar kifi ta Galadima da ke Kano a 'yan kwanakin nan ya ji kukan da dillalai ke yi: kifin dam ya yi wuya, kuɗinsa ya hau. Ba wani abin mamaki ba ne. Daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba, bayan marka ta yi aikinta, madatsun ruwa na Tiga da Bagauda da Challawa duk sun cika sun batse. Ruwa ya yi jajir, ya malale cikin ciyawa da bakin gonaki, kifi ya bi shi ya watsu. Masunci sai ya kwana da kalli, wato ragar kamun kifi, a ruwa, da safe ya ɗago abin da bai kai kuɗin koko da ƙosai ba.

To amma kifin ba yawo ya tafi ba, haihuwa ya je yi. Tarwaɗa tana hawa ruwa marar zurfi ta zuba ƙwai cikin ciyawar da ruwa ya shanye. Ita kuwa karfasa, uwar a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe, ko bayan nan in 'ya'yan suka ji motsi sai su ruga su koma bakinta. Wanda ya taɓa kama ta a wannan hali ya ga yadda take tofar da su a cikin kwale-kwale. Gefen ruwan nan da muke rainawa, shi ne ɗakin jegon dam ɗin gaba ɗaya.

A nan ne aikina na malamin gona mai kula da harkar kamun kifi ya ci karo da na ma'aikatan lafiya. Makon jiya na tarar da wasu samari biyu a bakin ruwa, sun riƙe gidan sauro, wannan a gefe wancan a gefe, suna ja cikin ciyawa. Da suka juye a roba, babu kifin da ya kai tsawon ɗan yatsa. Na ce wa babban, "Ƙanina, wannan ragar daga ina?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ta ɗakin Inna ce, irin wadda aka raba." Na tambaye shi wa ke kwana a ɗakin. Inna da ƙannensa uku.

Ku duba lokacin da muke ciki. Yanzu ne kowane kududdufi da kwata a cikin birni ke ƙyanƙyasar sauro, yanzu ne zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci da yara. Shi ya sa ake bin gida-gida ana ba 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi a watannin damina. Ragar nan an jiƙa ta da maganin kashe sauro, kuma irin maganin guba ne ga kifi. Idonta ƙanana ne, ba ta barin komai, har ƙwai take kwashewa. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana kama kifi da guba ko nakiya ko lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da inci 3. Gidan sauro ko kusa bai je nan ba.

Masunta na gado sun san wannan, ba ni zan koya musu ba. Roƙona ga sarakunan ruwa su ƙara sa ido a kan baƙin sana'a, masu zuwa daga gari a babur ranar hutu. A bar bakin ciyawa ya huta. A yi amfani da fatsa ko kalli mai faɗin ido, kifin da aka ga ciki ya yi nauyi da ƙwai a mayar da shi. In ruwa ya fara ja da baya a kaka, kifi zai dawo ya taru.

Wanda kuma ya shiga ruwan dam, daga baya ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, tsargiya ce ake zargi, ya je asibiti, akwai ƙwayar maganinta. Iyaye mata, yau da daddare a ƙirga gidajen sauron da ke gida. In ɗaya ya ɓata, a shinshina buhun da ke ɗaure a bayan babur ɗin yaro.