James Hadley Chase

James Hadley Chase (1906–1985) sunan alƙalami ne na René Lodge Brabazon Raymond, marubucin ƙagaggun labaran fashi, kisan kai da bincike, ɗan ƙasar Ingila. Tsakanin 1939 da 1984 ya wallafa littattafai kimanin 90, an kuma mayar da gommai daga cikinsu fim. Mafi yawan labaransa a Amurka suke faruwa, alhali shi bai taɓa zama a ƙasar ba. A Kano da sauran biranen Arewa, 'yan boko na shekarun 1970 da 1980 "Chase" kawai suke cewa, ko marubucin suke nufi ko littafin.

Asali da tasowa

An haife shi a Landan ranar 24 ga Disamba, 1906. Mahaifinsa, Kanar Francis Raymond, likitan dabbobi ne a rundunar sojan mulkin mallaka ta Indiya. Ya yi karatu a King's School da ke garin Rochester, sannan ya bar gida yana ɗan shekara 18. Ya yi tallar kundin sani na yara gida-gida, daga baya ya kama aiki a wani kamfanin dillancin littattafai, inda kullum yake ganin wane littafi ake rububi, wane ne ke kwantai. A 1932 ya auri Sylvia Ray, suka haifi ɗa guda.

Littafin farko

A shekarun 1930 labaran gungun 'yan fashin Amurka, waɗanda suka yi ƙarfi a zamanin haramcin giya (1920 zuwa 1933), suna kasuwa sosai a Ingila. Raymond ya karanta The Postman Always Rings Twice na James M. Cain, wanda ya fito a 1934, ya kuma bi labarin Ma Barker, tsohuwar da aka ce ita ke riƙe da gungun 'ya'yanta 'yan fashi. Sai ya nemo taswirorin biranen Amurka da ƙamus na karin maganar 'yan titin ƙasar, ya zauna ya rubuta No Orchids for Miss Blandish. Ana cewa cikin hutun ƙarshen mako shida ya gama shi. Ya fito a 1939.

Labarin na 'yar wani hamshaƙin attajiri ne da ƙananan ɓarayi suka sace saboda sarƙar wuyanta, sai wani gungu da ya fi su mugunta, na Ma Grisson da ɗanta Slim, ya ƙwace ta daga hannunsu. Uban ya ɗauko Dave Fenner, tsohon ɗan jarida da ya koma bincike, don ya nemo ta. Har labarin ya ƙare ba a faɗi sunan yarinyar na yanka ba.

Littafin ya yi farin jini, ya kuma sha suka. Marubuci George Orwell, a maƙalarsa "Raffles and Miss Blandish" ta 1944, ya lura cewa a 1940 aka fi karanta shi, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a kan Landan. Ya yarda cewa rubutun gwani ne wanda ba ya ɓarnar kalma, amma ya zarge shi da ɗaukaka zalunci da bautar ƙarfi, ya kuma ce an ɗauko ƙashin bayan labarin daga Sanctuary na William Faulkner (1931). An yi wasan daɓe da shi a Landan a 1942, an yi fim a 1948, Robert Aldrich kuma ya sake yin wani a 1971 da sunan The Grissom Gang. Wajen farkon shekarun 1960 marubucin ya sake wa littafin fasali, saboda haka kwafin da ya fi yawo a hannun mutane daga baya ba shi ne ainihin na 1939 ba.

Yaƙi da shari'a

A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a rundunar sojan sama ta Birtaniya, ya kai muƙamin da ya yi daidai da manjo a sojan ƙasa, ya kuma yi editan mujallar rundunar tare da mai zanen barkwanci David Langdon. A 1942 kotu ta same shi da mawallafinsa da laifin buga batsa saboda littafinsa Miss Callaghan Comes to Grief, aka ci tarar kowannensu fam 100. Cikin shekarun 1940 ɗin ne kuma marubucin labaran bincike Raymond Chandler ya yi ƙorafin an kwashi wasu sassa daga rubutunsa, Chase ya ba da haƙuri a mujallar The Bookseller.

Salo da taurari

Ya yi amfani da wasu sunayen alƙalami, kamar Raymond Marshall, James L. Docherty da Ambrose Grant. Duk da ana lissafa shi cikin marubutan labaran bincike, ba kasafai yake ɓoye wanda ya yi kisan ba. Sau da yawa mai karatu ya san mai laifin tun babin farko, abin da ke hana shi ajiye littafin shi ne ganin ta inda asiri zai tonu. Tauraronsa yakan zama ɗan ƙaramin ma'aikaci, dillalin inshora ko mai gyaran talabijin, wanda kwaɗayin kuɗi da wata kyakkyawar mace suka ja shi cikin shirin da ya fi ƙarfinsa. Jimlolinsa gajeru ne, hira ta fi bayani yawa. Matan labaransa kuwa, in ba mayaudara ba to abin tausayi, kuma an daɗe ana sukarsa a kan haka.

Cikin taurarin da suka maimaitu akwai Vic Malloy, Mark Girland, Helga Rolfe, da ɗan sandan ciki Tom Lepski na Paradise City, garin masu kuɗi da ya ƙirƙira a gaɓar Florida. An ruwaito cewa gajerun ziyara kawai ya taɓa kai wa Amurka, zuwa Miami da New Orleans, bayan ya riga ya yi suna. The Vulture Is a Patient Bird (1969) na cikin ƙalilan da ya kai labarinsu Afirka.

Faransawa sun karɓe shi hannu bibbiyu. Kamfanin Gallimard ya fassara littattafansa da yawa a jerin Série noire, Joseph Losey kuma ya mayar da littafinsa Eve fim a 1962 tare da Jeanne Moreau.

Ƙarshen rayuwa

Ya koma Faransa a 1956, sannan Suwizalan a 1969, yana gudun 'yan jarida. Littafinsa na ƙarshe, Hit Them Where It Hurts, ya fito a 1984. Ya mutu a Corseaux, kusa da tafkin Janeba, ranar 6 ga Fabrairu, 1985.

Karatunsa a Kano

Bugun aljihu na kamfanin Corgi ne ya fi isowa Nijeriya. A Kano, a shekarun 1970 da 1980, ana samun sa a shagunan littattafai da wajen masu baza na hannu a ƙasa, musamman kewayen kasuwar Sabon Gari da Bata. Ba kowa ke saye ba. Aro da musaya suka fi yawa, mutum ya ba da wanda ya gama a ba shi wani. A makarantun kwana kwafi ɗaya kan zaga ɗaki har ya rasa shafukan ƙarshe, wanda ya riga ya karanta sai ya ƙarasa wa na baya da baki. Bangon kuma yakan zo da hoton mace riƙe da bindiga, ba cikakkiyar sutura, shi ya sa ake naɗe shi da jarida kafin a shiga da shi gida ko aji.

Da yawa daga masu karatun wancan zamani suna cewa a wajensa suka goge Turancinsu, tare da jerin Pacesetters na Macmillan da ya fara fitowa a 1977. Da adabin kasuwar Kano ya kunno kai a tsakiyar shekarun 1980, labaran soyayya ne suka mamaye shi, amma an samu na 'yan fashi da jami'an tsaro. Wasu na ganin hannun Chase a cikinsu, wasu kuma fina-finan Indiya da na Amurka suke jingina wa abin.