Me ake nufi da "giram 400 a rana"?

Wannan adadi yana cikin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar tare a 2003. Shawararsu ita ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kullum, domin rage haɗarin ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da wasu nau'o'in ciwon daji. Akan kasa shi kashi biyar, kowane kashi giram 80, wato kamar lemo ɗaya ko ayaba ɗaya.

Dankali da rogo da doya ba sa cikin lissafin, domin su abincin cika ciki ne. Alayyahu, zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, kabeji, karas, tumatir, mangwaro da gwanda duk suna ciki. Sai dai a lura da nauyi. Garin kukar da ake kaɗa miyar gida guda da shi bai wuce 'yan cokula ba, don haka wanda ya ci tuwo da miyar kuka safe da dare bai ko kusa da mizanin ba. Kwano ɗaya na kwaɗon zogale ya fi kai shi kusa.

Masu tsara manufofi sukan ɗauki adadin su auna ƙasa gaba ɗaya da shi. Giram 400 a rana ya kama kilo 146 a shekara ga mutum ɗaya. A ninka shi da mutum miliyan 200, an wuce tan miliyan 29, kuma 'yan Najeriya sun haura haka. Daga nan sai a kwatanta da abin da gonaki ke bayarwa a ga giɓin.

A ganina, nan ne lissafin ke ruɗin mutane, domin abin da aka girbe daban yake da abin da ya shiga tukunya. Tumatirin Kadawa ta jihar Kano da ake lodawa a kwanduna zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, na ƙasa yakan dagargaje kafin mota ta isa. Albasar Galmi ta Nijar da yawanta ƙasashen maƙwabta take tafiya. Ga kuma yanayi: da rani tumatir ya yi arha har manomi ya rasa mai saye, ya yanka ya shanya, da damina kuma ya gagari talaka. A 2016 ƙwaron Tuta absoluta ya cinye gonakin tumatir a arewa, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin.

Saboda haka ƙasa na iya cika adadin a takarda alhali magidanci a Gusau ko Maraɗi yana kallon kankana a bakin titi ba shi da kuɗin saya. Ƙarin noma kaɗai ba zai rufe giɓin ba sai an haɗa da ɗakunan sanyi, akwatunan roba a madadin kwando, hanyoyi masu kyau da noman rani mai ɗorewa.