Ma'anar "tafkin da ƙanƙara ta datse" da yadda ake gano shi bayan ya ƙafe

Ɗalibin ilimin ƙasa a Kano da ya kai darasin zamanin ƙanƙara zai ci karo da wannan lafazi, kuma sau da yawa yakan ɗauka tafki ne da ruwansa ya daskare. Ba haka ba ne. Abin da ake nufi shi ne tafkin da ya taru saboda wata ƙatuwar shimfiɗar ƙanƙara ta toshe bakin kwari, ta hana kogi wucewa, kamar yadda madatsar Tiga ta tare kogin Kano. Bambancin shi ne wannan bango na ƙanƙara yakan narke ya ɓace, ruwan ya tsiyaye, a bar kwarin fayau.

Kimanin shekara 21,000 da suka wuce ƙanƙara ta rufe kusan dukkan Kanada da arewacin Turai, har tekun duniya ya yi ƙasa da kusan mita 120. Masana suna zana iyakar wannan ƙanƙara a taswira ta hanyar bin abin da ta bari: dogayen tuddan tsakuwa da laka da ta tura gabanta, da karce a jikin duwatsu da ke nuna inda ta nufa, da manyan duwatsun da ta ɗauko daga nesa ta yar a inda babu irinsu.

Shaidar tafkin kuwa ta fi ban sha'awa, domin mai bincike yana neman bangon da babu shi ne. Duk wanda ya ga zanen da ruwan kududdufi ke bari a jikin katanga bayan damina ya san cewa ruwa yakan kwanta a miƙe, don haka tsohuwar gaɓar tafki takan zagaye tsauni a tsayi ɗaya. A kwarin Glen Roy na Sikotilan akwai irin waɗannan layuka uku, a tsayin kimanin mita 260 da 325 da 350. Masanin kimiyya Charles Darwin ya ziyarci wurin a 1838 ya ce gaɓar teku ce, amma a 1840 wani masani, Louis Agassiz, ya kawo bayanin cewa ƙanƙara ce ta datse kwarin, daga baya kuma Darwin ya amince ya yi kuskure. Hujjar mai sauƙi ce: idan gaɓa ta miƙe har bakin kwari ta yanke ba tare da wani tudu da zai riƙe ruwan ba, to a nan ƙanƙarar ta tsaya, kuma nan ne ake ɗiga iyakarta a taswira.

Lakar gindin tafkin ita ke ba da lissafin shekaru. A lokacin zafi narkakkiyar ƙanƙara takan kawo rairayi mai haske, a hunturu kuma laka mai laushi da duhu ta kwanta a kansa, saboda haka kowane hawa biyu shekara ɗaya ce. Gerard De Geer na Suwidin ne ya shahara da wannan ƙidaya. A ganina ita ce hujjar da ta fi gamsarwa, tunda ana iya ƙirga ta da ido, ko da yake zaizaya takan cinye wasu hawa, sai an gwada da lakar wani wuri kafin a tabbatar da adadin.