Bitamin da Ma'adanai: Me Suke Iya Yi wa Mai Mura, Tari ko Ciwon Huhu?

Da zarar mura ta kama mutum, ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shawarar farko da yake samu ita ce ya nemi bitamin ya sha. Akwai gaskiya a cikin shawarar, akwai kuma zuzutawa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu, da amsoshinsu gwargwadon abin da bincike ya tabbatar.

Me ya haɗa abin da muke ci da cututtukan numfashi?

Daga hanci har zuwa can cikin huhu akwai wata siririyar fata mai danshi da ta lulluɓe hanyar iska. Tana fitar da majina wadda ƙura da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa a jiki, sannan tana da wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, waɗanda ke ta kaɗawa dare da rana suna tura majinar sama zuwa maƙogwaro. Wannan ita ce katangar farko. Ƙwayar cutar da ta tsallake ta kuma sai ta ci karo da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki.

Duka biyun suna buƙatar kayan aiki. Bitamin A ne ke kula da lafiyar fatar nan. Idan ya yi ƙaranci sai ta bushe, gasun su ragu, hanya ta buɗe wa cuta. Zink, wani ma'adani da ake samu a abinci, yana cikin abin da fararen ƙwayoyin jini ke buƙata kafin su hayayyafa. Bitamin C yana taruwa da yawa a cikinsu lokacin da suke fafatawa da cuta. Bitamin D kuma yana sa jiki ya haɗa wani sinadari mai suna katelisidin, wanda ke huda jikin bakteriya. Saboda haka wanda ba ya samun isassun waɗannan abubuwa, cuta ta fi saurin kama shi, kuma ta fi jigata shi.

To ke nan idan na ƙara sha, garkuwar jikina za ta ƙara ƙarfi?

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Randar da ta rage saura rabi, idan aka zuba mata ruwa za ta amfana. Wadda ta riga ta cika kuwa, duk abin da aka ƙara ƙasa zai kwarara. Kusan duk binciken da aka yi a wannan fanni abu ɗaya yake nunawa: mai ƙaranci ne ke cin moriyar ƙarin bitamin, wanda jikinsa ke da isasshe kuma ba ya ganin wani bambanci na a zo a gani. Wasu bitamin ma ba sa kwarara su fita, taruwa suke yi a jiki har su zama illa, kuma za mu zo kan wannan.

Bitamin C fa? Ba shi ne maganin mura ba?

Wannan suna ya samo asali ne daga Linus Pauling, masanin kimiyya ɗan Amurka da ya ci kyautar Nobel sau biyu. A 1970 ya wallafa littafi yana kira ga mutane su riƙa shan bitamin C mai yawa don kauce wa mura. Saboda girman sunansa, maganar ta bazu a duniya tun kafin a gama gwada ta.

Daga baya an yi gwaje-gwaje masu yawa, kuma a 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara sakamakon bincike ta auna shi, ta haɗa su wuri guda. Abin da ya fito shi ne, shan bitamin C kullum ba ya hana galibin mutane kamuwa da mura. Yana dai ɗan rage kwanakinta: kimanin kashi 8 cikin 100 ga manya, kashi 14 ga yara. Idan murar mako guda ce, ragin da babba zai samu kimanin rabin kwana ne kawai. Wanda kuma ya jira sai da hanci ya fara zuba sannan ya fara sha, ba a ga wani tabbataccen amfani a gare shi ba.

Akwai rukuni ɗaya da sakamakonsu ya sha bamban: masu gudun dogon zango, da masu wasan zamiya a kan ƙanƙara, da sojojin da ke atisaye cikin tsananin sanyi. A wajensu haɗarin kamuwa da mura ya ragu da kusan rabi. Amma mutum nawa ne ke rayuwa cikin irin wannan wahala?

Babban mutum yana buƙatar miligiram 75 zuwa 90 a rana, kuma lemun zaƙi babba guda ɗaya kusan ya biya wannan buƙata. Mai shan taba yana buƙatar ƙari kaɗan.

Me ya sa ake ta maganar bitamin D?

Domin tarihinsa da cututtukan huhu ya daɗe. Kafin a samu maganin tarin fuka, likitocin Turai sukan ba majinyata man hantar kifi, su kuma fitar da su su sha hantsi, ba tare da sanin cewa duka biyun bitamin D suke samarwa ba. Fatar jikinmu ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, abincin da ke ɗauke da shi kuma kaɗan ne: kifi mai maiƙo, gwaiduwar ƙwai, da madarar da aka ƙara wa shi. Tsofaffi, da masu duhun fata da ke zaune a ƙasashe masu ƙarancin rana, da waɗanda ba sa fita waje sosai, su ne suka fi fama da ƙarancinsa.

A 2017 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya haɗa gwaje-gwaje 25 da mutum kusan 11,000. Ya nuna cewa bitamin D yana ɗan rage kamuwa da cututtukan numfashi, kuma waɗanda suka fi amfana su ne masu matsanancin ƙaranci da suka riƙa shan kaɗan-kaɗan kullum ko mako-mako. Waɗanda aka ɗura wa mai yawa lokaci guda ba su samu kariya ba.

Sai dai manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya sun rage wa wannan fata armashi. A Mongoliya an ba ɗaliban makaranta sama da 8,000 ko dai bitamin D ko ƙwayar da ba ta ɗauke da komai, har tsawon shekara uku, kuma sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna bai rage kamuwa da ƙwayar tarin fuka ba. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya lokacin korona shi ma bai ga kariya ba. Ra'ayina shi ne, wanda gwajin jini ya nuna yana da ƙaranci ya sha, ko don lafiyar ƙashinsa ma kawai. Amma kada ya ɗauka ya sha rigakafin tari ne.

Wane bitamin ne aka tabbatar yana ceton rai?

Bitamin A, a wajen yara, musamman masu ƙyanda. A farkon shekarun 1980 wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, yana aiki a Indonesiya kan yara masu dundumi, wato waɗanda ba sa gani da zarar magariba ta yi saboda ƙarancin bitamin A. Sai ya lura cewa waɗannan yara sun fi sauran mutuwa. Ya gudanar da gwaji a yankin Aceh, kuma sakamakon da aka buga a 1986 ya nuna cewa kafso ɗaya duk wata shida ya rage mutuwar yara da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da farko masana da yawa ba su yarda ba, sai da aka maimaita a wasu ƙasashe.

Ƙyanda tana cinye bitamin A da ke jikin yaro, tana kuma karya garkuwarsa, kuma abin da ya fi kashe yara masu ƙyanda shi ne ciwon huhun da ke biyo baya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk yaron da ya kamu da ƙyanda a ba shi bitamin A sau biyu, yau da gobe, gwargwadon shekarunsa. A wuraren da ƙarancin ya yi yawa kuma, ana ba yara 'yan wata 6 zuwa 59 duk bayan wata huɗu zuwa shida.

Abu biyu ya kamata a riƙe. Bitamin A ba ya hana kamuwa da ƙyanda. Allurar rigakafi ce ke yin wannan. Sannan ga ciwon huhun da ba na ƙyanda ba, ba a ga yana taimakawa ba. Ana samunsa a hanta, ƙwai, madara, karas da ganyaye masu duhun kore.

Zink fa?

Sai a farkon shekarun 1960 aka gane cewa ɗan Adam na iya fama da ƙarancin zink, lokacin da Ananda Prasad ya ga samari a Iran da Masar waɗanda girmansu ya tsaya cak. Jiki ba ya ajiye zink da yawa, dole a riƙa samunsa a kai a kai daga nama, kifi, ƙwai, wake da makamantansu. A wuraren da yara ke da ƙaranci, ba su zink na tsawon watanni yana rage kamuwa da ciwon huhu da kimanin kashi 13 cikin 100. Amma idan ciwon ya riga ya kama yaro, ƙara zink a kan magani bai nuna wani tabbataccen amfani ba.

Ga manya masu mura, alewar zink da ake tsotsa tana iya rage kwanakin ciwo idan an fara ta a ranar farko, ko da yake hujjar ba ta da ƙarfi sosai, kuma tana sa tashin zuciya da ɗacin baki. Wanda ake fesawa ko shafawa a cikin hanci kuwa a guje shi. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kansa bayan mutane da dama sun daina jin ƙamshi.

Ayon da seleniyam suna da wata rawa?

Suna da ita, sai dai lamarin ayon, wato sinadarin ƙarfe, yana da sarƙaƙiya. Jiki na buƙatarsa, ƙwayoyin cuta ma na buƙatarsa, shi ya sa idan zazzaɓi ya kama mutum jiki ke ɓoye ayon daga cikin jini don ya hana su. Mai ƙarancin jini ya sha bisa umarnin likita, amma ba abin da za a sha don tari ba ne. Seleniyam kuma, wanda shi ma ma'adani ne, kaɗan ƙwarai jiki ke so, kuma yawancin hujjar da ke danganta shi da cututtukan numfashi daga gwajin dabbobi ta fito.

Akwai kuma bitamin B6 da ake ba wasu masu shan maganin tarin fuka. Aikinsa kare jijiyoyi ne daga illar maganin isoniyazid, wanda kan sa ƙafa da hannu su riƙa zafi ko sagewa. Ba ya kashe ƙwayar cutar, kuma ba ya maye gurbin maganin tarin fuka da ake sha na wata shida.

Shan da yawa zai iya cutarwa?

Ƙwarai kuwa. Bitamin A da D a cikin kitse da hanta suke taruwa. Yawan bitamin A yana lalata hanta, kuma ga mai juna biyu yana iya nakasa ɗan da ke ciki. Yawan bitamin D yana tara kalsiyam a jini har ya taɓa ƙoda. Bitamin C da ya wuce miligiram 2,000 a rana yana kawo gudawa, ga wasu kuma tsakuwar ƙoda. Zink da ya wuce miligiram 40 a rana na dogon lokaci yana hana jiki tsotsar sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, daga nan sai ƙarancin jini da matsalar jijiyoyi.

Misalin da ya fi tayar da hankali ya fito ne daga Finlan. An ba maza masu shan taba kusan 29,000 ƙwayoyi daban-daban, wasu daga ciki na beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, da fatan zai kare huhunsu. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha shi. Wani gwaji makamancinsa a Amurka an dakatar da shi a 1996 saboda dalili ɗaya. Cin karas ba shi da wannan matsala. Ƙwaya mai yawan sinadarin ce ta jawo.

Yaushe ne ya kamata a ajiye zancen bitamin a nufi asibiti?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, domin babbar illar bitamin ita ce lokacin da yake cinyewa. Uwa ta ga yaronta na tari da zazzaɓi, ta ba shi ruwan bitamin cokali-cokali, kwana biyu, kwana uku, tana jiran sauƙi, alhali huhunsa na cika da ruwa. Ciwon huhu ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 700,000 a 2019, kuma yawancin wanda bakteriya ke jawowa yana jin maganin amoksisilin idan an fara da wuri.

A ɗaga rigar yaron lokacin da yake kwance shiru, a kalli agogo, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Idan jariri ne da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. A duba ƙasan haƙarƙarinsa: idan yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, kada a jira gari ya waye. Haka nan idan ya ƙi nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko leɓensa ya canza launi, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa na wuya.

Ga babba kuma, tarin da ya wuce mako biyu, ko tari da jini, ko gumin dare da rama, yana buƙatar gwajin majina don a duba tarin fuka. Sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, ko zazzaɓin da ya dawo bayan mura ta fara lafawa, su ma na likita ne a ranar, musamman ga tsoho, mai juna biyu, mai asma ko mai ciwon suga.