Tambayoyi da amsoshi kan inda ya dace a ɗaura maratayin bindiga

Shin wurin da aka ɗaura maratayi yana da wani tasiri, ko dai duk inda aka maƙala shi ya wadatar?

Yana da tasiri ƙwarai, domin maratayi ayyuka uku yake yi, kuma kowanne yana da wurin da ya fi dacewa da shi. Yana ɗauke nauyin bindiga daga hannu a doguwar tafiya, yana riƙe ta a ƙirji idan mutum na bukatar hannuwansa biyu, sannan yana iya zama madogarar da ke hana hannu rawa lokacin saiti. Kafin mutum ya sayi zoben da ake maƙala maratayi a jikinsa ko ya huda katakon bindiga, ya kamata ya fara tantance wanne ne a cikin ukun nan ya fi yawa a aikinsa, don maharbin da ke yini a daji da mai gasar harbi a fili ba bukatarsu ɗaya ba.

A ƙarƙashin bindiga ya fi ko a gefenta?

Bindigar farauta mai siririn jiki, wadda ake ratayawa a kafaɗa ɗaya, ƙarƙashi ya fi dacewa da ita: zobe ɗaya kusa da ƙarshen ƙota, ɗaya kuma a katakon gaba. Haka aka ƙera bindigar soja Lee-Enfield ta Ingila, haka kuma mafi yawan bindigogin farauta suke zuwa har yau. Matsalar tana bayyana ne idan bindigar tana da dogon gidan harsashi, ko kuma ana so ta kwanta a ƙirji ko a gadon baya, domin a nan gidan harsashin zai riƙa tokarar jiki, nauyin da ke sama kuma ya riƙa kifar da ita.

Wannan ne dalilin ɗauri a gefe. Jamusawa sun bi wannan hanya a bindigarsu Karabiner 98k da suka fara amfani da ita a 1935, inda maratayin ke ratsa wata kafa a cikin ƙota ya biyo gefen hagu, tsarin da ya samo asali daga bukatar sojan doki na goya bindiga ba tare da ta dame shi ba. Ita ma AKM, ƙanwar bindigar AK-47, sau da yawa a gefen hagu zobbanta suke, tun da maɗanarta da makullin tsaronta duka a dama suke, sai gefen da ba shi da tudu ya zama shi ne ke kwanciya a jiki.

Zoben gaba fa, a jikin katako ya kamata ya zauna ko a jikin bututun ƙarfe?

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma a ganina ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Bututun bindiga, duk da kaurinsa, yana ɗan lanƙwasawa idan aka ja shi, kuma yana girgiza a duk lokacin da harsashi ya bi ta cikinsa. Idan zoben yana jikin bututu, mai harbi kuma ya naɗe maratayi a damtsensa ya ja da ƙarfi, harsashi ba zai sauka inda ya saba sauka ba, kuma saboda ƙarfin jan ba ya zama ɗaya daga harbi zuwa harbi, kaucewar ma ba za ta zama ɗaya ba balle a yi mata gyara. Shi ya sa maƙera bindigogin saiti suke barin ɗan rata tsakanin bututu da katako, su kafa zobe a katakon, ta yadda duk jan da aka yi zai ƙare a can.

Amfani da maratayi a matsayin madogara tsohon abu ne. Sojojin Amurka sun yi ta koyar da shi da maratayin fata samfurin 1907, wanda ke da madaukin da ake zura damtse a ciki, a kan bindigoginsu Springfield da kuma M1 Garand. Duk wanda yake son yin harbi ta wannan hanya, zobensa na gaba ya zauna a katako, ɗan gaba kaɗan da inda hannunsa ke tallafe bindigar.

Sai dai akwai inda hukuncin yake juyewa. Manyan bindigogin farautar ɓauna da giwa, irin masu cin harsashin .375 H&H da aka fito da shi a 1912, yawanci a jikin bututu ake ɗaure musu zobe. Dalili shi ne shurinsu yana da tsanani, kuma idan zoben yana katako zai iya yanke hannun da ke riƙe da wurin lokacin da bindigar ta ja baya. Ƙari a kan haka, ɗauri can gaba yana sa bakin bindiga ya sauko ƙasa a kafaɗa, ba ya yawan kama rassa a cikin kurmi. Masu irin wannan bindiga don ɗauka kawai suke sa maratayi, ba don saiti ba, saboda haka jan bututu bai shafe su ba.

Me za a ce game da maratayi mai maƙali guda?

Ana maƙala shi ne a bayan jikin bindiga, daidai inda ƙota ta fara, kuma yana sauƙaƙa sauya kafaɗa a wuri mai matsi. Amma da zarar an sake ta sai ta riƙa lilo tana dukan gwiwa, bakinta kuma yana iya caka ƙasa idan mutum ya durƙusa. Ga doguwar bindiga da doguwar tafiya, ban ga hujjar zaɓensa ba.

Bahago kuma yaya zai yi?

Idan zobban a ƙarƙashi suke, babu abin da zai sauya. Idan a gefe suke, yana bukatar a mayar masa da su dama, ya kuma tabbatar cewa maratayin bai rufe kafar da kwanson harsashi ke fita ba.

Idan bindigar ba ta zo da zobe ba, me ya kamata a kiyaye wajen sa mata?

Abu na farko shi ne a cire gidan harsashi, a buɗe bindigar, a duba da ido cewa babu komai a cikinta. Zoben baya ana kafa shi a tsakiyar ƙarƙashin ƙota, kimanin santimita 5 zuwa 7 daga ƙarshenta, domin in ya matso baki sosai katakon yana iya tsagewa, kuma dole a fara huda ƙaramar kafa kafin a murɗa ƙusa mai zare. Na gaba ya fi bukatar kula, tun da katakon wurin siriri ne: ƙusar kada ta yi tsawon da za ta taɓa bututu, kuma ya fi aminci a kama ta da noti ta ciki. Wanda bai saba da aikin ba ya kai wa maƙerin bindiga.

Maharbanmu masu adaka sukan ɗaura igiya ko tsirkiyar fata da hannunsu, kuma hakan yana aiki muddin ƙullin gaba bai tare saiti ba, bai kuma danne sandar ɗuri ba. Abin da bai kamata a yi ba ko kaɗan shi ne a zura igiyar ta cikin ƙarfen da ke kare kunama, domin reshe ɗaya da ya fizgi igiyar ya isa ya sa bindiga ta tashi tana rataye a kafaɗar mai ita.